Daga Tartsatsin Bargo Zuwa Aradu: Wutar Da Ke Cikin Kowane Abu

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a Kaduna ya san abin nan. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo yake rufe gari, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, mutum zai sauko daga mota ya kai hannu zai rufe ƙofa, sai ya ji tsit a ɗan yatsa kamar an soka masa allura. A ɗakin kwanan ɗalibai kuwa, in an ɗauke wuta, wani ya tuɓe suwaita ko ya yaye bargo, sai a ji ƙyas-ƙyas, har a ga ƙananan tartsatsi masu launin shuɗi. Amma motar nan da bargon nan, ka gwada su a watan Agusta, ko ka kwana kana gogawa ba abin da za ka gani.

To, me ya bambanta Janairu da Agusta? Amsar tana cikin darussa uku da ɗaliban kimiyyar fiziks suke haɗuwa da su tun farkon babbar sakandare, wato caji, da karkatar caji, da bambancin abubuwan da ke ba wuta hanya da waɗanda ke tare ta. Da yawa sukan haddace su don jarrabawar WAEC ko NECO kawai, su watsar. Amma da waɗannan darussa ne ake gane dalilin da ya sa galan ɗin fetur yake kama da wuta ba ashana, da kuma wanda ya kamata a taɓa da wanda bai kamata ba idan wuta ta kama mutum.

CAJI IRI BIYU

Kowane abu, daga allon aji har jikin mai karatu, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ake kira atam. A tsakiyar kowane atam akwai cibiya mai nauyi da ke ɗauke da firoton, a kewayenta kuma akwai ilektiron waɗanda ba su da nauyin kirki. Firoton yana da caji mai alamar ƙari (+), ilektiron yana da caji mai alamar ragi (−), kuma girman cajin nasu daidai yake, ba wanda ya fi wani. Iri ɗaya suna korar juna, iri biyu suna jan juna. Tun da yawan firoton da na ilektiron ɗaya ne a cikin littafinka, sai ja da kora su kashe juna, ka ɗauki littafin ba ka ji komai ba. Wato wutar tana nan a ciki, zaman lafiya ne kawai ya ɓoye ta.

Idan ka goga matajin roba a busasshen gashi, ba ka ƙirƙiri caji ba. Abin da ya faru shi ne wasu ilektiron sun bar gashin sun manne a jikin robar. Mataji ya sami rara, ya zama mai cajin ragi. Gashi ya yi giɓi, ya zama mai cajin ƙari. Abin da wannan ya samu shi ne daidai abin da wancan ya rasa. Firoton kuwa suna nan a cibiya ba su je ko'ina ba. Ku riƙe wannan da kyau, domin nan ne ɗalibai suka fi zubar da maki: a cikin daskararren abu, ilektiron ne ke tafiya.

Waɗanda suka yi ƙaurar kuwa 'yan kaɗan ne ƙwarai. Ko da sun kai biliyoyi, ba su kai kashi ɗaya cikin miliyan sau miliyan na ilektiron ɗin da ke jikin matajin ba. Wannan ɗan giɓin ne yake tayar da gashi tsaye. Ma'aunin caji sunansa kulom, kuma sai an tara ilektiron fiye da biliyan shida sau biliyan kafin a sami kulom ɗaya.

An daɗe da sanin abin. Ana danganta wa Thales, wani masani Bagirke da ya rayu kimanin shekara 600 kafin haihuwar Almasihu, cewa ya lura da wani busasshen ƙaron itace mai launin zuma, wanda in an goga shi yakan jawo ƙaiƙayi da gashin tsuntsu. Sunan wannan ƙaro da Girkanci shi ne elektron. Daga nan William Gilbert, likitan Sarauniyar Ingila, ya samo sunan da ya ba wannan ƙarfi a littafinsa na shekarar 1600, daga nan kuma Turanci ya ɗauka, mu ma muka ara muka ce lantarki. Ke nan kalmar da muke faɗa kullum jikar sunan ƙaro ce. A 1733 Charles du Fay na Faransa ya nuna cewa cajin iri biyu ne. Benjamin Franklin na Amurka shi ya sa musu alamar ƙari da ragi, amma ilektiron kansa sai a 1897 J. J. Thomson ya gano shi a Kambirij.

ME YA HAƊA MATAJI DA TAKARDA?

Ga tambayar da ta fi daɗi. Ka yayyaga takarda ƙanana, ka kawo matajin da aka goga kusa da su, sai su yi tsalle su manne masa. Amma takardar ba wanda ya goga ta. Cajinta na ƙari da na ragi daidai suke. To me ya ja ta?

A cikin takarda ilektiron ba su da 'yancin yawo, kowane yana ɗaure da atam ɗinsa kamar akuya a turke. Sai dai akuyar da ke turke ma tana iya matsawa iyakar tsawon igiyarta. Da matajin mai cajin ragi ya matso, ilektiron na kowace ƙwaya sai su ɗan ja da baya, su karkata zuwa ɓangaren da ke nesa da shi. Matsawar ba ta kai faɗin atam ɗaya ba, amma ƙwayoyin ba su ƙirguwa, kuma duk wuri ɗaya suka karkata. Sakamakon haka gefen takardar da ke kallon mataji ya zama mai ɗan cajin ƙari, gefen da ke baya ya zama mai ɗan cajin ragi. Ba abin da ya shiga takardar, ba abin da ya fita. Wannan shi ne karkatar caji.

Wani zai ce, ai ke nan mataji yana jan gefe ɗaya yana korar ɗayan, sai a yi kunnen doki. A nan ne dokar Charles Coulomb ta 1785 take raba gardama. Ƙarfin ja ko kora yana raguwa da sauri in tazara ta ƙaru: in ka ninka tazara sau biyu, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, in sau uku, ɗaya cikin tara. Gefen da ake ja ya fi kusa da mataji, gefen da ake kora ya fi nisa, saboda haka ja ne ke yin nasara. Da a ce sandar gilashi ce aka goga da siliki, wadda cajinta na ƙari ne, ilektiron ɗin takardar za su karkato gaba maimakon baya, amma ƙarshen zancen ɗaya ne, takarda za ta taso. Abu mai caji, ko wane iri ne, yana jan abin da ba shi da caji. Shi ya sa a jarrabawa ake cewa kora ce kaɗai tabbatacciyar shaidar caji, ja ba shaida ba ce.

Iyayenmu mata masu gyaran majami'a ranar Asabar suna fama da wannan doka ba tare da sun san sunanta ba. Kujerar roba in aka goge ta da busasshen tsumma lokacin hunturu, an ɗora mata caji ke nan, ita kuma sai ta shiga karkata cajin kowace ƙwayar ƙura da ta gifta tana jawo ta. Kafin sujadar safe ƙura ta dawo fiye da da. Maganin abin tsumma mai ɗan laima. Injin fotokwafi ma da wannan ƙarfi yake aiki, tun daga gwajin Chester Carlson na 1938: ana zana hoton rubutu da caji a jikin wata ganga, baƙin garin tawada ya manne a inda cajin yake, sannan a dasa shi a takarda a gasa.

Ruwa kuwa nasa daban ne. Ƙwayar ruwa a karkace take tun asali, gefen oksijin yana da ɗan ragi, gefen haidirojin yana da ɗan ƙari. Ku buɗe famfo ya riƙa zubowa siriri kamar zare, ku kawo matajin kusa ba tare da ya jiƙe ba, za ku ga ruwan ya lanƙwaso. Wannan karkatacciyar ƙira ce take ba ruwa ikon narkar da gishiri da kanwa, kuma za mu ga abin da hakan yake jawowa.

MASU BA DA HANYA DA MASU TAREWA

A shekarar 1729 wani Bature a Ingila mai suna Stephen Gray yana ƙoƙarin aika caji nesa ta cikin igiya mai kama da ta rama. Ya rataye igiyar da zaren siliki, caji ya tafi har ɗaruruwan ƙafa. Da nauyi ya tsinke silikin, sai ya musanya shi da siririyar wayar tagulla, yana zaton sirantar ce take hana cajin zurarewa. Nan take caji ya ɓace. Ashe ba kauri ba ne, irin abin ne: tagulla tana ba caji hanya ya gudu ƙasa, siliki yana tarewa. Daga wannan tsinkewar zare aka raba abubuwan duniya gida biyu. Na farko Turawa suna kiransu da kalmar nan da ta zama kwandasta a tashar mota, kuma sunan ya dace, tun da aikinsu ɗaukar fasinja ne daga nan zuwa can. Na biyu su ne insuleta.

A cikin ƙarfe, kowane atam yakan saki ilektiron ɗaya ko fiye su zama na kowa, suna yawo cikin ƙarfen duka kamar jama'a a babbar kasuwa. Azurfa ce kan gaba wajen ba da hanya, sai jan ƙarfe, sai zinariya, sai alminiyam. A roba da gilashi da tangaran da busasshen katako, kowane ilektiron yana turkensa. Saboda haka in ka sa caji a gefen roba, nan zai zauna. In ka sa shi a ƙarfe, kafin ƙiftawar ido ya bazu ko'ina a bayan ƙarfen, in kuma ƙarfen yana haɗe da ƙasa, ya tafi ke nan. Wannan ne ya sa ba ka iya tara caji a cokali ta hanyar gogawa in kana riƙe da shi da hannu: jikinka yana kwashewa yana zubarwa. Akwai kuma 'yan tsakiya irin su silikon, waɗanda da su ake yin cikin wayar salula da faifan sola, amma wannan darasin wata rana ne.

Yanzu mu koma ga Janairu da Agusta. Tsantsar ruwa ba ya ba wuta hanya sosai, amma ruwan da ya narkar da gishiri yana bayarwa, domin gishirin yakan rabu zuwa ƙwayoyi masu caji da ke iya yawo. Da damina, lokacin da danshin iska a Kaduna yake haura kashi 80 cikin 100, kowane abu yana lulluɓe da wani siririn ruwa da ido ba ya gani, gauraye da gumi da datti. Cajin da gogayya ta tara sai ya bi wannan laimar ya zurare tun bai taru ba. Da hunturu kuwa iska tana zuwa daga Sahara a bushe, danshin yakan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana, siririn ruwan nan ya ƙafe. Takalmin roba ya raba ka da ƙasa, rigarka ta gogi kujerar mota, caji ya taru a jikinka ba mafita. Sai ka kai yatsa kusa da ƙarfe.

Ita ma iska insuleta ce, amma tana da iyaka. Busasshiyar iska tana jure kimanin bolt 3,000 a kowace milimita. In an wuce haka sai ƙarfin ya fizge ilektiron daga ƙwayoyin iskar, ta koma mai ba da hanya, tartsatsi ya tsallaka. Ke nan ɗan tsit ɗin da ka ji a ƙofar mota dubban bolt ne. Bai yi maka illa ba don cajin kaɗan ne ƙwarai, kuma ya ƙare nan take. In ba ka son jinsa, riƙe ƙarfen ƙofar tun kafin ka sa ƙafa a ƙasa.

Ita kanta ƙurar hunturu ba haka kawai take zuwa ba. Mai yawa daga cikinta tana tasowa ne daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, tana gogayya da juna a hanya tana ɗaukar caji. Awon da aka yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1960 ya nuna cewa cajin wannan ƙura yana iya juya alkiblar ƙarfin lantarkin da ke tsakanin sama da ƙasa. A ganina, malaman kimiyya a wannan yanki suna da gatan da na Legas ba su da shi. Gwaje-gwajen caji da ma'aunin nan mai ganyen zinariya, waɗanda sukan ƙi aiki a ba malami kunya da damina, a ajiye su sai zangon karatu na Janairu.

INDA TARTSATSI YAKE DA HAƊARI

Tartsatsin da bai kai ya cutar da yatsa ba ya isa ya kunna tururin fetur. Fetur kansa insuleta ne, kuma in yana gudu cikin tiyo yana gogayya yana tara caji. Shi ya sa a wuraren lodin mai ake maƙala wa tanka waya mai haɗe da ƙasa kafin a buɗe famfo. Mai sayen man janareto ya koyi darasi a nan. Kada a zuba fetur a galan yana cikin but ko a bayan a-kori-kura, musamman kan shimfiɗar roba ko kafet. A sauke shi ƙasa, a sa bakin tiyon ya riƙa taɓa bakin galan har a gama. Kuma wanda ya fara shan mai kada ya koma cikin mota ya zauna ya sake fitowa ya kama tiyon, domin ya je ya ɗebo caji ne daga kujera. Da hunturu wannan ba wasa ba ne.

Wanda yake son ganin masu ba da hanya da masu tarewa suna aiki tare, ya dubi manyan turakun ƙarfe da ke shiga tashar wuta ta Mando. Wutar tana zuwa da ƙarfin bolt 330,000 daga wajen Shiroro, madatsar da aka buɗe a 1990 a kan wannan Kogin Kaduna namu, kuma layuka suna wucewa daga Mando zuwa Kano da Jos. Wayoyin nan tsirara suke, alminiyam ne da zuciyar ƙarfe, ba rigar roba. Abin da ya raba su da mu iska ce kawai, abin da ya raba su da turken kuwa jerin fayafayan gilashi ko tangaran ne. Ku ƙirga su wata rana. A babban layi za ku samu wajen ashirin a jere, a ƙananan layukan cikin unguwa ɗaya ne ko 'yan kaɗan. An yi su kamar kwanoni a kife don ƙarƙashinsu ya zauna a bushe, kuma don hanyar da wuta za ta bi a bayansu ta yi tsawo. Abokin gabarsu shi ne ƙurar hunturu in ta haɗu da raɓa ko yayyafin farko, domin ƙura mai laima tana ba da hanya. Ruwa mai ƙarfi kuwa wanke su yake yi.

Tsuntsu yana sauka a wayar ya tashi lafiya don ƙafafunsa biyu suna kan waya ɗaya, ba hanyar zuwa ƙasa ta jikinsa. Mutumin da ke tsaye a ƙasa ko kan rufin kwano, ya ɗaga rodi ko sandar eriya, shi ne hanyar. Kuma a irin wannan ƙarfi ba sai ya taɓa ba, tartsatsi yana tsallako iska ya same shi. Dalilin hana gini da kasa kaya a ƙarƙashin manyan layuka ke nan.

Wutar gida, wadda har yau muke ce wa NEPA ko da yake hukumar ta sauya suna tun 2005, bolt 230 zuwa 240 ce kacal, amma ita ce ta fi kisa, domin bayanta akwai injina da ke turo caji ba tsayawa. Busasshiyar fata tana iya tarewa da ƙarfin om 100,000. A bolt 240, abin da zai ratsa bai kai miliamfiya 3 ba, za ka ji fizga ka janye. Jiƙaƙƙiyar fata takan sauko zuwa om 1,000, abin da zai ratsa ya zama miliamfiya 240, alhali ƙasa da 100 ma in ta bi ta ƙirji tana iya rikita bugun zuciya. Mutum ɗaya, waya ɗaya, ruwa ne kawai ya shiga tsakani. Masu dumama ruwan wanka da hita a bokiti, su tsoma yatsa su ji ko ya yi zafi ba su zare soket ba, su sake duba wannan lissafi.

ARADU

Daga Afrilu zuwa Oktoba tartsatsin bargo yakan ɓace, babbansa ya fito. A can saman hadari akwai sanyi ƙwarai, iska tana ɗaga ƙananan ɓarɓashin ƙanƙara sama, manya suna gangarowa, suna karo da juna suna musayar caji. Gindin girgije yakan tara cajin ragi, samansa na ƙari. Abin da mataji ya yi wa takarda shi girgijen yake yi wa gari: yana korar ilektiron ɗin ƙasa zuwa can ciki, sai doron ƙasa da bishiyoyi da rufin gidaje da kan mutum su zama masu cajin ƙari. Kuma caji ya fi taruwa a abu mai tsini da tsawo. In iska ta kasa jurewa sai hanya ta buɗe. Walƙiya guda takan ɗauki amfiya wajen 30,000, ta zafafa iskar da ta bi har kusan digiri 30,000, wato ninki biyar na zafin fuskar rana. Faɗaɗar wannan iska farat ɗaya ita ce tsawar da muke ji.

Dutsen nan mai santsi da manoma kan tsinta a gona a ce gatarin aradu ne, ba daga sama ya faɗo ba. Gatari ne na gaske, mutanen zamanin da suka wasa shi da hannunsu tun kafin a san ƙira. Aradu ba ta da dutse, caji ce.

Franklin ne ya nuna haka a 1752, da ya saki jirgin wasan yara mai zare cikin hadari ya ga tartsatsi yana fita daga mabuɗin da ya ɗaura. Kada kowa ya kwaikwaya. A shekarar da ta biyo baya, Georg Richmann ya mutu a birnin Santa Fitasbag na Rasha yana irin wannan gwaji. Abin da ya rage mana daga Franklin shi ne sandar ƙarfen da ake kafawa a ƙololuwar majami'u da hasumiyoyin masallatai da turakun sadarwa. Sandar ba ita ce mai aikin ba, aikin yana ga faffaɗar wayar jan ƙarfe da ta sauko daga gare ta har cikin ƙasa. In masu satar ƙarfe sun yanke wayar, sandar ta zama mai gayyato aradu ta bar ta a kan rufi. Ya kamata kwamitin gini na kowace majami'a da makaranta su bi wayar nan da ido daga sama har ƙasa kafin ruwan farko.

Haske yana isowa nan take, amma sauti yana cin daƙiƙa uku kafin ya yi kilomita ɗaya. In ka ga walƙiya ka ƙirga, tsawa ta zo kafin ka kai talatin, to tana cikin kilomita goma, a tashi daga filin ƙwallo ko da saura minti biyu a tashi wasa, kuma a jira rabin awa bayan tsawar ƙarshe. Gindin mangwaro ko darbejiya ba mafaka ba ne. Wutar takan tsallako daga jikin bishiya zuwa mutum, don jikinmu mai ruwa da gishiri ya fi itace ba da hanya. Takan kuma bazu a cikin ƙasa, ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗaya. Abin da ke kashe shanu da yawa a lokaci guda ke nan, domin tazarar ƙafafunsu tana da yawa. Ginin kirki shi ne mafaka, ko mota mai rufin ƙarfe da gilasai a rufe. Ba tayoyi ke kare na cikin mota ba, wutar da ta ratso kilomitoci na iska ba 'yar roba ce za ta tsayar da ita ba. Jikin ƙarfen ne, domin caji yana bin bayan ƙarfe ya bar cikinsa, kamar yadda Michael Faraday ya nuna a 1836. Babur da Keke Napep ba su da wannan kariya.

Saura abu ɗaya, mutane biyu da ke kwance a ƙasa. Na farko wayar wuta ce ta kama shi. Muddin yana haɗe da wayar, jikinsa ya zama wani ɓangare nata, wanda ya kama shi da hannu ya zama na biyu. A kashe wutar daga mita ko a zare soket. In ba hali, kuma wutar gida ce, a tsaya kan busasshen katako a ture shi da busasshiyar sanda ko kujerar roba. In babban layi ne ya faɗo, sanda ba ta da amfani, a ja da baya sosai, a hana jama'a matsowa, a kira ma'aikatan wuta. Na biyu aradu ce ta faɗa masa. Mutane sukan tsaya nesa suna tsoron wai akwai sauran wuta a jikinsa, wasu su tafi neman nono a zuba masa. Babu sauran komai. Jikinsa mai ba da hanya ne, cajin ya wuce ƙasa tun kafin a ji tsawar. Yawancin waɗanda aradu ta faɗa wa suna rayuwa, kuma abin da ke kashe sauran shi ne tsayawar zuciya da numfashi. A taɓa shi nan take. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya ruga neman motar da za ta kai shi asibiti.